DUNIYA MAKARANTA: Tsibirin Apo, Inda Ake Biyan Kuɗi Don A Yi Iyo Da Kififiya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ce zai sayar da bijiminsa, ya shiga jirgin sama, ya yi tafiyar kwana biyu domin kawai ya ga kififiya tana kiwo a cikin ruwa, babu shakka danginsa za su fara nema masa magani. Amma ga shi kuwa, a kowace shekara dubban mutane daga Turai da Amurka da Japan da Koriya suna kashe abin da ya fi kuɗin bijimi saboda wannan bukata. Ɗaya daga cikin wuraren da suke nufa shi ne wani ɗan tsibiri mai suna Apo, a ƙasar Filifin. A wannan mako filin nan zai leƙa can, gama labarin tsibirin ya wuce na shaƙatawa kawai. Labari ne na waɗansu masunta matalauta da suka kusa kashe tekun da ke ciyar da su, sa'an nan suka farga tun rana ba ta faɗi ba.

INA NE APO?

Ƙasar Filifin tarin tsibirai ce fiye da 7,600 a yammacin Tekun Fasifik. Apo yana cikin ƙananansu, don faɗinsa duka wajen hekta 74 ne, mutanen da ke zaune a kansa kuwa kimanin dubu ɗaya. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ya ɓullo daga ƙarƙashin teku, kamar kilomita 7 daga gaɓar babban tsibirin Negros. A kan tudunsa akwai hasumiyar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya da dare, a gindinsa kuma ga ƙauyen masunta da makaranta da ɗan ƙaramin coci. Ruwan sha yana da wuya, saboda haka mazauna wurin sukan tari ruwan sama su adana.

Mai son zuwa yakan sauka a birnin Dumaguete, hedkwatar lardin Negros ta Gabas, ya shiga mota ya yi kudu zuwa wani ƙauye na bakin teku da ake kira Malatapay, wanda kasuwarsa ke ci ran Laraba, ana hada-hadar shanu da kifi da kayan gona. Daga nan sai kwalekwale mai inji, irin nasu da suke kira bangka, wanda ake ɗaura wa dogayen gora dama da hagu don kada igiyar ruwa ta kifar da shi. Kafin awa guda an iso. Abin da baƙo zai fara yi shi ne ya je ofis ya rubuta sunansa, ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da ɗan jagora daga cikin 'yan tsibirin.

KAYAN IYO GUDA UKU

Irin iyon da ake yi a nan ya bambanta da nutson masu goya tulun iska a baya. Mutum yana kwanciya ne rubda-ciki a saman ruwa, fuskarsa a ciki, yana kallon ƙasa kamar mai leƙen rijiya. Kaya uku ake bukata. Na farko wani babban tabarau ne mai bakin roba, wanda ke rufe ido da hanci. Idon ɗan Adam ba ya gani sosai in ruwa ya taɓa shi, sai an bar iska tsakaninsa da ruwan, wannan kuwa shi ne aikin tabaran. Sai dai yana da ruɗi, domin kome yakan ƙara girma da kamar kashi ɗaya cikin uku, ya kuma zama kamar ya matso kusa. Shi ya sa baƙi da yawa sukan fito suna rantsuwa cewa sun ga kififiya mai faɗin ƙofar zaure.

Na biyu wani lanƙwasasshen bututu ne da ake cizon bakinsa ɗaya, ɗaya bakin kuma ya tsaya a sama da ruwa, ta nan ake numfashi. Turawa suna kiransa sinokel, kalmar da suka aro daga Jamusanci, inda take nufin bututun da jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa suke shan iska da shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawonsa kimanin santimita 40 ne. Mai karatu zai ce, me ya hana a yi shi dogo don a nutsa can ƙasa da shi? Dalilai biyu ne. Idan ƙirjin mutum ya yi zurfin mita ɗaya kacal, nauyin ruwan da ke danne shi ya isa ya hana huhu buɗewa ya jawo iska daga sama. Har wa yau, in bututu ya yi tsawo, gurɓatacciyar iskar da mutum ya fitar ba ta gama fita, sai ya yi ta mayar da ita ciki har ya galabaita.

Na uku takalman roba ne masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, masu tura mutum gaba ba tare da ya wahalar da hannu ba. Wanda bai iya ruwa ba kuwa sai a ƙara masa rigar da ke hana nutsewa, ya riƙe wata tayar roba, ɗan jagora ya riƙa jansa.

GANI YA KORI JI

A Apo ba a yin nisa. 'Yan takawa kaɗan daga inda kwalekwale ke tsayawa, a ruwan da zurfinsa bai wuce tsayin mutum ɗaya ko biyu ba, akwai shimfiɗar ciyawar teku, nan ne makiyayar kififiyu. Baƙon da ya tsoma fuskarsa yakan fara ganin wani abu kamar faffaɗan dutse a kan ciyawa, sai can ya ga dutsen ya miƙa wuya yana figar ganye kamar tunkiya. Sau da yawa akwai wani siririn kifi manne a bayanta ko a cikinta, wanda ke bin ta duk inda za ta don ya sami abin hawa kyauta da ragowar abinci.

Bayan 'yan mintoci sai ta bar kiwo, ta kaɗa hannayenta na gaba, waɗanda suka fi kama da fikafikai, ta taso a hankali. Ta fitar da hanci waje, ta saki numfashi da ƙara, ta ja sabo, ta koma. Wanda ya saba ganin kunkuru yana jan jiki a tudu zai yi mamakin yadda 'yar'uwarsa ke shawagi a ruwa kamar shirwa a sama. Abin da ya fi ɗaure wa baƙi kai shi ne rashin tsoronta. A wuraren da ake farautarta, da ta hangi inuwar mutum ta ɓace. A Apo kuwa sai ta dubi mutum da gefen ido ta ci gaba da cin abincinta, gama an yi shekaru masu yawa babu wanda ya ɗaga mata mashi a wannan gaɓa.

ITA WACE CE?

Kififiyar teku iri bakwai ce a duniya, kuma masana sun ce kakanninta suna cikin teku tun fiye da shekara miliyan ɗari da suka wuce. Wadda aka fi gani a Apo ita ce ake kira koriyar kififiya, mutanen Filifin kuwa suna ce wa kififiyar teku pawikan. Bayanta ba kore ba ne, ruwan ƙasa ne mai dabbare-dabbare. Kitsen jikinta ne kore, daga nan sunan ya samo asali. Babba takan kai mita ɗaya a tsawo, da nauyin kilo 150, watau buhun hatsi ɗaya da rabi. Ba ta iya mayar da kanta cikin ƙoƙon bayanta kamar kunkuru. Tun da ruwan gishiri take sha, sai aka yi mata wata kafa kusa da ido da ke fitar da gishirin, shi ya sa in ta hau tudu sai a ga kamar kuka take yi.

Da huhu take numfashi kamar kowace dabbar tudu. Idan tana barci a ƙarƙashin dutse, bugun zuciyarta yakan ragu ƙwarai, har ta yi awoyi ba ta taso ba. Amma idan ta firgita, alal misali ta sarƙe a cikin koma, iskar da ke jikinta takan ƙare da sauri, ruwa ya kashe ta. Wannan batu ya kamata mai karatu ya riƙe shi, domin a kansa aka gina yawancin dokokin iyo da ita.

Sha'anin haihuwarta shi ne abin al'ajabi. Takan yi shekara ashirin zuwa talatin, wani lokaci fiye, kafin ta isa yin ƙwai. In lokacin ya yi, sai ta kama hanya zuwa yankin da aka ƙyanƙyashe ta, kome nisansa. Waɗanda ke kiwo a gaɓar Barazil sukan yi iyon kilomita fiye da dubu biyu zuwa ɗan tsibirin Ascension da ke tsakiyar Tekun Atlantika, ba su ɓata ba. Wani shehun malami Ba'amurke, Archie Carr, wanda ya fara maƙala wa kififiyu lamba a Tortuguero ta ƙasar Kosta Rika cikin shekarun 1950, ya ƙare rayuwarsa yana bin diddigin wannan tafiya. Daga baya Kenneth Lohmann na Jami'ar Karolina ta Arewa da abokan aikinsa suka nuna cewa kififiya tana jin ƙarfin maganaɗisun duniya, da shi take gane inda take da inda ta nufa.

Da dare take hawa rairayi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari masu taushin ɓawo, ta rufe, ta koma ruwa. Ba ta kwanci, ba ta kuma sake waiwayarsu. Zafin rairayi ne ke ƙyanƙyashe su cikin kamar wata biyu, shi ne kuma ke yanke ko maza za a samu ko mata. In zafin ya haura digiri 29 a ma'aunin Salshiyas, mata sun fi yawa. In ya gaza, maza. Wani bincike da aka buga a 2018 ya gano cewa a arewacin babban shingen murjani na Ostireliya, fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙananan korayen kififiyu mata ne, saboda ƙaruwar zafin duniya. Garken da babu namiji kuwa kowa ya san makomarsa.

'Ya'yan sukan fito da dare su ruga wajen da ya fi haske, wanda a bisa al'ada shi ne fuskar teku. Inda aka gina otal-otal a bakin ruwa, fitilu sukan ruɗe su su yi tudu, gari ya waye rana ta kashe su. Waɗanda suka kama hanyar daidai kuma ga ƙaguwa da tsuntsaye da manyan kifaye suna jira. Ƙiyasin da masana suka saba bayarwa shi ne, cikin dubu ɗaya, guda ɗaya ce take girma. Saboda haka babbar kififiyar da baƙo ke kallo tana kiwo, ita kaɗai ce ta rage daga cikin 'yan'uwanta dubu.

YADDA AKA KUSA ƘARAR DA ITA

A shekarar 1503 Kolombus ya wuce ta wasu tsibirai a Tekun Karibiyan, ya ga kififiyu sun cika ruwan, har ya sa wa wurin suna Las Tortugas, watau tsibiran kififiyu. Su ne tsibiran Cayman na yau. Matuƙan jiragen Turawa suka gane cewa in aka kifar da kififiya a rigingine cikin jirgi takan yi makonni da rai ba ci ba sha, suka mai da ita rumbun ɗanyen nama. Miyarta kuma ta zama abincin manya a liyafar attajiran Landan. Kafin shekarar 1800 ta kewayo, masuntan Cayman sai sun tafi gaɓar Kyuba kafin su sami abin kamawa.

Akwai wani iri mai baki kamar na shaho, wanda kyawun ƙoƙon bayansa ya jawo masa bala'i, don da shi ake yin mataji da sandunan tabarau da kayan ado. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta fara aiki a 1975, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen farko da suka shiga. A 1977 aka haramta cinikin wannan ƙoƙo tsakanin ƙasashe, ko da yake Japan ba ta daina saye ba sai a farkon shekarun 1990. Har yanzu wannan iri yana bakin halaka.

NAKIYA DA DUWATSU

A shekarun 1970 tekun Apo ya kama hanyar mutuwa. Masunta, na gida da na waje, suna jefa nakiya cikin ruwa, ta fashe, kifi ya taso matacce a kwashe, duwatsun murjani kuwa su zama tsakuwa. Murjani dabba ce mai rai, ƙananan halittu ne da ke gina gidajensu na dutse a hankali, waɗansu irin ma ba su ƙara fiye da santimita ɗaya a shekara. A cikin kogunansa kifi ke ɓuya ya hayayyafa. Akwai kuma wata hanyar su da ake kira muro-ami, inda ake tura mutane da yawa, galibi yara, su riƙa dukan murjani da duwatsun da aka ɗaure da igiya don su koro kifi cikin taru. Gwamnatin Filifin ta haramta ta a 1986, amma kafin nan ta yi ɓarna mai yawa. Kifi ya yi ƙaranci a Apo, har sai da mazajen tsibirin suka riƙa tafiya nesa kafin su sami abin kai wa iyali.

A nan ne Dokta Angel Alcala, masanin halittun ruwa na Jami'ar Silliman da ke Dumaguete, ya shigo cikin labarin. A 1974 ya yi gwaji a wani tsibiri mai suna Sumilon, inda aka keɓe wani yanki na teku aka hana su a cikinsa. Ra'ayinsa shi ne, in aka bar kifi ya girma a wuri ɗaya ba a taɓa shi, zai yi ƙwai da yawa, wurin ya cika, rarar ta malalo zuwa inda aka yarda a yi su. Gwajin ya yi kyau, amma yarjejeniyar tsakanin jami'a ce da hukuma. Da siyasar yankin ta juya, sai kariyar ta rushe a 1984, masunta suka auka wa wurin, bayan ɗan lokaci abin da ake kamawa a kewayen tsibirin duka ya faɗi.

A Apo an bi wata hanya dabam. Ma'aikatan jami'ar suka daɗe suna zama da mutanen ƙauye, suna tattaunawa da su, har suka kai waɗansu Sumilon suka gani da idonsu. A 1982 'yan gidaje kaɗan suka yarda su keɓe wani yanki na gaɓar kudu maso gabas, mai tsawon mita 450, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wurin sunsu ba. Su da kansu suka riƙa gadinsa bi da bi. Wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce ga mutumin da abincin darensa ke cikin wannan ruwa. Da sauran suka ga kifi ya fara dawowa, sai a 1985 ƙauyen duka ya shiga, aka kafa kwamiti, aka hana nakiya da guba da muro-ami a kewayen tsibirin baki ɗaya, ƙaramar hukumar Dauin kuma ta mai da abin doka.

Alcala da wani masani daga Ostireliya, Garry Russ, sun yi shekaru fiye da ashirin suna ƙidayar kifin Apo. Sun tabbatar cewa manyan kifaye sun ninka a cikin keɓaɓɓen wurin, sun ƙaru a gefensa, masunci kuma yana samun abin da ya fi na da cikin lokacin da bai kai na da ba. Da murjani da ciyawa suka farfaɗo, aka kuma daina farauta, sai kififiyu suka mai da gaɓar ƙauyen wurin kiwonsu, baƙi suka biyo su. Ɗaruruwan ƙauyuka a Filifin sun kwaikwayi wannan tsari, har gidan kifaye na Shedd da ke birnin Cikago ya gina wani sashe a 2003 a kan siffar tekun Apo. Alcala ya sami lambar yabo ta Ramon Magsaysay a 1992, ya riƙe ma'aikatar muhalli ta ƙasarsa, ya rasu a 2023.

MAI RAI TA FI MATACCIYA KUƊI

Lissafin a bayyane yake. Kififiyar da aka yanka, sau ɗaya ake sayar da ita. Wadda aka bari, ana iya kallonta kowace safiya har shekara da shekaru, kowane mai kallo kuma zai biya mai kwalekwale da ɗan jagora da mai hayar tabarau da mai dafa abinci da matan da ke tallar riguna a bakin ruwa. Wani bincike da ƙungiyar WWF ta fitar a 2004 ya nuna cewa kuɗin da ake samu daga masu zuwa kallon kififiya ya kusa ninka na sayar da namanta da ƙwanta da ƙoƙonta sau uku.

Naman ma kansa ba a rasa haɗari a cikinsa. Wani lokaci yakan ɗauki guba da dahuwa ba ta kashewa. A watan Maris na 2024, a yankin tsibirin Pemba na Zanzibar, yara takwas da mace ɗaya suka mutu bayan cin naman kififiya, aka kwantar da mutum 78 a asibiti.

Amma arzikin baƙi bai zo wa Apo salin-alin ba. A 1994 gwamnatin tarayya ta sa tsibirin cikin wuraren da take karewa da kanta. Kuɗin shiga ya koma yana tafiya baitulmali a Manila kafin a dawo da kason tsibirin, ana kuwa daɗewa ba a dawo da shi ba, mutanen da suka yi gadin ruwan kyauta suka ga kamar an karɓe musu abin da suka shuka. Sai a 2013 aka yi dokar da ta ba irin waɗannan wurare damar riƙe kashi 75 cikin ɗari na abin da suka tara. Ana cikin haka guguwa biyu, Sendong a Disambar 2011 da Pablo a Disambar 2012, suka ragargaza murjanin keɓaɓɓen wurin kusan gaba ɗaya, aikin shekara talatin ya zama tsakuwa, aka rufe wurin don ya farfaɗo. Sa'ar da aka yi ita ce ɓangaren yamma, inda kififiyu ke kiwo, bai sha duka sosai ba. Daga baya annobar korona ta sa Filifin ta rufe ƙofarta ga 'yan yawon buɗe ido daga Maris na 2020 har Fabrairun 2022. Waɗanda suka ajiye ƙugiya suka kama jagoranci sai da suka koma su, abin da ya cece su kuwa shi ne akwai kifin da za a kama.

LADUBBAN SHIGA RUWA

Son da baƙi ke yi wa kififiya shi kansa yana iya zama cuta. Idan mutum ashirin suka kewaye guda ɗaya, kowa na son hoto, ba ta samun sukunin kiwo, in kuma suka tare mata sama ba ta samun hanyar shan iska. A Akumal ta ƙasar Meksiko cunkoson ya kai inda hukuma ta dakatar da iyo da kififiyu na ɗan lokaci a 2017, kafin ta tsara yawan masu shiga. A Hawayi shawarar hukuma ita ce a bar mita uku tsakanin mutum da ita. A Filifin kuwa dokar kare namun daji ta 2001 ta tanadi tara da ɗauri ga mai kama ta ko cutar da ita.

Dokokin da ɗan jagora ke karanta wa baƙo ba su da wuya. Kada a taɓa ta, balle a hau bayanta. Kada a bi ta in ta juya, kada a tsaya a samanta. Kada a ba ta abinci, don kada ta saba da kusantar kwalekwale, farfelar inji ta sare ta. Kada a taka murjani. Kada a yar da leda, gama waɗansu kififiyu suna ɗaukarta wata halittar ruwa ce mai santsi da suke ci, su haɗiye, ta toshe musu hanji. Duniya ba ta manta da hoton da aka ɗauka a Kosta Rika a 2015 ba, inda masu bincike suka zaro tsinken roba na shan lemo daga hancin wata kififiya, jini yana zuba. Har man da Turawa ke shafawa don kare fata daga rana an gano waɗansu irinsa suna cutar da murjani, ƙasar Palau ta haramta su tun 2020.

Shi ma baƙon akwai abin da zai kiyaye don kansa. A Hawayi irin wannan iyo yana kan gaba cikin abubuwan da ke jawo wa baƙi mutuwa a ruwa, musamman dattawa da masu ciwon zuciya. Ba a shiga ruwa a kaɗaice. Wanda ya ji numfashinsa yana sarƙewa ya cire bututu, ya juya rigingine, ya ɗaga hannu. A waɗansu kusurwoyin Apo ruwa yana gudu da ƙarfi kamar kogi a watan Agusta, saboda haka wanda ya ƙetare inda jagora ya iyakance masa, kansa ya cuta.

ABIN DA YA SHAFI NIJERIYA

A watan Oktoba na 2025, a taron ƙungiyar IUCN da aka yi a Abu Dabi, aka ba da sanarwar cire koriyar kififiya daga jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, bayan shekara wajen hamsin ana gadin wuraren ƙwanta, ana kuma gyara tarun jiragen su don ta sami ƙofar kuɓuta. Sannu ba ta hana zuwa. Sai dai masanan sun yi gargaɗi cewa yawanta bai kama ƙafar na zamanin da ba, kuma a waɗansu yankuna har yanzu raguwa take yi.

Gaɓar Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da aikin bai ƙare ba. Nijeriya tana da bakin teku mai tsawon kilomita 853, kififiyu kuwa suna hawa rairayinsa su yi ƙwai, daga Legas har Akwa Ibom. Ƙasar Gabon ce ke da taro mafi girma a duniya na irin nan mai bayan fata, wanda ya fi kowace kififiya girma. Tun 1999 ƙasashen Afirka na bakin Atlantika suka ƙulla yarjejeniya a Abijan don kare su, amma har yau ana haƙe ƙwai, wadda ta faɗa taru kuma sau da yawa a kasuwa take ƙarewa.

Dabarar da ta ceci Apo ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. A Argungu, Sarkin Ruwa yakan hana su a Matan Fada har sai lokacin biki, saboda haka ne ake fito da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka, baƙi kuma suke zuwa daga nesa su kashe kuɗinsu a garin. A ƙauyuka da yawa ana rufe tafki sai ranar su ta zo. Abin da Sumilon da Apo suka ƙara nunawa shi ne, dokar da aka aiko daga ofis takan faɗi ranar da mai ofis ya sauya, wadda masunta suka ɗora wa kansu kuwa ta yi shekara fiye da arba'in tana aiki. Ya kamata hukumomin jihohin bakin teku su fara da zama da sarakunan masunta, a keɓe 'yan wurare kaɗan, a ba mutanen wurin gadi, a kuma tabbatar duk abin da baƙo ya biya ya tsaya a hannun waɗanda suka haƙura da kamun.